Waya na nauyi, data na ƙarewa: a goge kesh ko a bar shi?

Hajiya Zuwera, Maamobi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Da wayata nake sana'a, ina tura wa masu saye hotunan atamfa da leshi ta WhatsApp da Facebook. Kwanan nan in na buɗe shafi sai hotuna su tsaya fari fat, ɗan abin nan yana ta juyawa, data kuma ba ta kwana. Jikana ya sa mini wata manhaja mai hoton tsintsiya, ya ce in riƙa danna ta safe da yamma tana share datti. Ina dannawa, tana nuna mini ta share kaza da kaza, amma sauƙi dai shiru. Wayar ce ta tsufa ko me?

Fuseini, Madina: Wa alaikumus salam Hajiya. Jikanki bai yi laifi ba. Ni ma kullum sai na goge kesh kafin in kwanta, waya tana yin sakayau.

Issaka mai gyaran waya, Circle: Fuseini, nan ne fa ka kauce. Hajiya, abu na farko ki cire wannan tsintsiyar yau ɗin nan. Abin da take sharewa ba datti ba ne, kayanki ne da kika riga kika biya kuɗinsu. Duk hoton da kika buɗe, da tambarin shafi, da fuskokin mutanen da kike hira da su, waya tana ajiye kwafinsu a wani lungu domin gobe in kin dawo kada ta sake ɗebo su daga intanet. Wannan ajiyar ita ce kesh. Kamar galan ɗin Kufuor ne da kika cika a famfo kika ajiye a bakin ƙofa: tsintsiyar nan tana zuwa safe da yamma ta tuntsurar da shi, ke kuma ki koma layi ki sake biya. Shi ya sa hotuna ke tsayawa fari, shi ya sa data ke tafiya. Ga kuma tallace-tallacen da manhajar take nuna miki duk sanda kika danna, su ma daga bandil ɗinki suke ci.

Fuseini: To Yaya Issaka me ya sa in na goge nake ganin fili ya ƙaru?

Issaka: Yana ƙaruwa mana, na kwana ɗaya. Washegari ya sake cika, da datarka. Android da kanta tana rage kesh in ta ga wuri ya yi ƙaranci, ba ta jiran kowa ya taya ta. Abin da ke cika waya na gaske ba shi ba ne. Hajiya, ki shiga WhatsApp, setin, wajen ajiya da data, sai wajen kula da ajiya. Zai jera miki fayilolin da suka wuce megabait 5 da waɗanda aka yi ta turawa hannu zuwa hannu. Nan za ki ga bidiyon suna da na walima da gaisuwar Juma'a mai furanni tun ta bara. Su ne ke danne waya mai giga 32. Goge kesh ba ya taɓa su ko kaɗan.

Hajiya Zuwera: Innalillahi, na duba. Wani bidiyon amarya ma sau uku yake ciki, daga zaure uku daban-daban.

Samira, Aboabo: Mama, ki kuma kashe saukar da kai a wannan wurin. Akwai layi uku: lokacin da kike kan data, lokacin waifai, da lokacin da kika fita ƙasa. A na data ki cire alamar bidiyo da ta fayil, ki bar hoto kaɗai tunda da shi kike ciniki. Sannan wata dabara ta masu sana'a irin taki: in za ki tura hoto ɗaya wa mutum goma, kada ki riƙa ɗauko shi daga galari kowane lokaci. Ki tura wa na farko, sauran ki yi musu fowad daga wannan saƙon. Hoton ya riga ya hau can wurin WhatsApp, fowad ba ya sake ɗora shi daga farko, shi ya sa za ki ga ya tafi nan take.

Hajiya Zuwera: Allah ya yi miki albarka 'yata. Wannan ban san shi ba.

Anti Abiba, Fadama: Ni iPhone ce a hannuna, ban ga wurin goge kesh ɗin ba ma balle in goge.

Issaka: Anti, a iPhone babu maɓalli ɗaya na kowace manhaja yadda yake a Android. Na Safari, manhajar buɗe shafuka ta iPhone, yana cikin setin, amma yana tafiya da tarihin shafukan da kika buɗe, kuma sai kin sake shiga wasu wuraren da kalmar sirri. In wata manhaja ta kumbura sosai, sai dai a cire ta a sake saukewa, a kan waifai. Ba abin yi ba ne kowane mako.

Masu Android kuma ku buɗe ido, maɓalli biyu ne kusa da juna. Ɗaya an rubuta Clear cache, ɗayan Clear data ko Clear storage. Na farko ba ya ɓatar da komai sai data da za ka sake kashewa. Na biyu yana mayar da manhaja kamar yau aka sauke ta. A WhatsApp in ba ka da ajiyar hirarraki a Google Drive, sai ka zo benci na kana rantse-rantse, ni kuma babu abin da zan iya yi maka.

Fuseini: Amma akwai lokacin da gogewar ke aiki. Ƙanwata ta je duba sakamakon jarrabawa, shafin ya yi ta nuna mata tsohon saƙo cewa bai fito ba, alhali ƙawayenta sun ga nasu. Da na goge kesh sai ga shi.

Injiniya Nuhu, Kotobabi: Wannan gaskiya ne, kuma shi ne lokacinsa. Kowane abu da burauza, wato manhajar buɗe shafuka irin Chrome, ta ajiye yana zuwa da wa'adi daga masu shafin: wannan a riƙe shi awa ɗaya, wancan shekara guda, wancan kada a riƙe shi sam. In masu shafi suka yi sakaci wajen sa wa'adin, sai burauzarka ta yi ta ba ka abin jiya. Amma ko a nan ba sai ka share duka waya ba. Ja shafin ƙasa ya sabunta. In bai yi ba, buɗe shi a shafin sirri na Chrome, wanda ke da hoton hula da tabarau, domin shi ba ya duba tsohuwar ajiya. In nan ya fito daidai, ka san inda matsalar take, sai ka goge na burauza kaɗai. Na Facebook da na YouTube da na taswira ba ruwansu.

Bari in ƙara wani abu da ba a gani daga cikin waya. Ajiyar ba a aljihunka kaɗai take ba, hawa-hawa ce. Haske a cikin wayar gilashi da ke ɗauke da intanet yana tafiyar kilomita kusan 200 a kowace milisakan. Daga Accra zuwa Landan ya haura kilomita 5,000 a miƙe, kebul kuwa zagaye yake yi ta bakin teku. Zuwa da dawowa a aikace yakan kai milisakan 100 ko kusa da haka. Za ka ce ai wannan ba komai ba ne, amma shafi ɗaya sai waya ta yi aike da dawowa sau da yawa kafin ya kammala buɗewa, wani aiken ma sai na gabansa ya dawo. Shi ya sa manyan kamfanoni suke kawo akwatunansu, wato kwamfutocin ajiya, su girke a cikin ƙasa. Google yana da nasa da yake ba kamfanonin sadarwa, Netflix yana da Open Connect, Meta ma haka, Cloudflare kuma yana da tasha a nan Accra. Bidiyon da mutanen Nima dubu suka kalla da safe, mutum na dubu da ɗaya ba daga Turai ake kawo masa ba, daga nan cikin gari ne. Ga kuma cibiyar musaya ta GIX da aka buɗe a Accra a 2005, inda kamfanonin intanet na ƙasa ke miƙa wa juna kaya kai tsaye maimakon saƙon Accra zuwa Accra ya je Turai ya juyo.

Abin da ya shafe ku a ciki: waɗannan manhajojin VPN na kyauta da samari ke barin su a kunne dare da rana. Da zarar ka kunna, duk abin da ka nema sai ya fita ƙasa tukuna, ya je inda VPN ɗin yake, daga can a nemo maka. Ka tsallake akwatin da ke bayan gidanku kenan. Hajiya, ki duba saman wayarki, in kin ga ɗan hoton makulli kusa da agogo, ki ce wa jikanki ya kashe.

Hajiya Zuwera: Akwai shi kuwa! Ni na ɗauka alamar tsaro ce.

Fuseini: Injiniya, to ai da VPN ɗin nan wasu ke samun intanet kyauta.

Injiniya Nuhu: Wannan wata magana ce daban, kuma ba zan ba ka shawara a kanta ba. Wanda ya ba ka hanya kyauta duk kayanka ta hannunsa suke wucewa.

Bashiru direba, Sukura: Ni nawa gudummawar ta masu tuƙi ce da masu okada. Ku sauke taswirar Accra a Google Maps tun kuna gida. Danna hotonka a sama, ka zaɓi taswirar da ba ta buƙatar intanet, ka ja akwatin ya rufe daga Kasoa zuwa Tema, sama kuma har ya wuce Adenta. Daga nan ko sabis ya yanke a ƙarƙashin gada, hanya tana nan a gabanka, domin GPS ba data yake ci ba, daga tauraron ɗan'adam yake sauraro. Abin da ba za ka samu ba in babu data shi ne jan layin nan mai nuna cunkoso, da hanyar mai tafiya a ƙafa. Ni ina barin data a kunne saboda fasinja, amma tunda tituna suna cikin waya, ba ta yin wannan daskarewar a daidai mararraba lokacin da kake buƙatar sanin dama ko hagu. Masu zuwa arewa kuwa, ku sauke ta hanyar Kumasi zuwa Tamale gaba ɗaya. Taswirar tana da wa'adi, in ta ce a sabunta a sabunta a waifai.

Malam Awudu, Sabon Zango: Madalla da wannan zaure. Ni abin da ya koya wa mutane da yawa darasi shi ne 14 ga Maris 2024, muna cikin kwanakin farko na azumi, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka yanke a gaɓar Kodebuwa: WACS, MainOne, SAT-3 da ACE. Masu bin tafsiri ta intanet sun ga ta kansu, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Wanda ya sauke karatu a wayarsa shi ya ci gaba da sauraro. Tun daga lokacin nake gaya wa ɗalibai, manhajar Alƙur'ani in ka zaɓi mai karatu, ka sauke surorin da kake hadda gaba ɗaya. Yaro mai maimaita aya ɗaya har ta zauna, bai kamata kowace maimaitawa ta dogara da sabis ba.

Injiniya, tambaya: in dai akwatunan nan suna cikin Accra, me ya sa a wancan lokacin abubuwa suka tsaya?

Injiniya Nuhu: Malam, tambaya mai kyau. Akwatin yana riƙe da jikin bidiyon ne kawai, kuma wanda ake yawan nema. Shigarka asusu, da jerin abin da za a nuna maka, da binciken da ka rubuta, da saƙonninka, duk waɗannan sai an tambayi uwar ɗakin da ke waje. Shi kansa akwatin daga waje ake cika shi da sababbin kaya. In hanyar waje ta ƙuntata, sai ka ga wani abu ya buɗe, wani ya ƙi, wani ya buɗe rabi. Ajiyar da ba ta tambayar kowa ita ce wadda ke cikin wayarka.

Samira: Kan YouTube, bidiyo da yawa suna da maɓallin saukewa a ƙasansu. Mu ɗalibai da bandil ɗin dare muke yi, mu jera laccoci kafin mu kwanta, da safe a kalla a trotro. Ku zaɓi ƙaramin inganci, 360 ya isa in malami ne ke magana a gaban allo. Abin lura biyu: ba kowane bidiyo ne mai shi ya yarda a sauke ba, kuma yana zama ne a cikin manhajar, ba ya zuwa galari, sannan sai an riƙa leƙa intanet lokaci-lokaci kafin ya ci gaba da buɗewa. Da akwai YouTube Go wanda ya fi sauƙin wannan aiki, amma sun rufe shi a 2022. Masu jin waƙa da wa'azi, Audiomack da Boomplay ma suna da saukewa.

Fuseini: Ni dai Opera Mini ce tawa wajen karanta labaran ƙwallo.

Issaka: Wannan kam na yarda da kai. Ita dabararta daban ce: shafin yana fara zuwa kwamfutocinsu, su matse shi, su rage nauyin hotuna, sannan su turo maka. In sabis ya koma sanda ɗaya ita ce ke buɗewa. Chrome ma ya taɓa yin irin wannan, ya daina a 2022. Amma in ka sa ta a matakin matsi mafi tsanani wasu shafukan suna karkacewa, fom ba ya cikuwa daidai. Harkar banki da cike takardun makaranta ko na aikin Hajji, ka yi su a Chrome. Hajiya kuma, in wayarki ƙarama ce, Facebook Lite zai fi miki babban.

Alhaji Tanko, Ashaiman: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki, domin ni matsalata ta fi ta waya ɗaya. Ina da gidan haya, na ja intanet na sa rauta, masu haya da maƙwabta suna sayen tikiti a wurina. Da magariba ta yi kowa ya dawo, abin sai ya durƙushe, su yi ta buga mini ƙofa. Wani yaro ya ce in sayi tsohuwar kwamfuta a sa mata wata manhaja mai suna Squid, wai duk abin da mutum ɗaya ya kalla za ta ajiye, na biyu ya samu daga cikin gida. Ya faɗi kuɗin aikinsa. In biya ko in dakata?

Injiniya Nuhu: Alhaji, ka dakata. Yaron bai yi ƙarya ba, amma labarin zamanin kafen intanet yake ba ka. A wancan lokacin shafuka a buɗe suke tafiya, Squid yana ganin hoton da ya wuce, ya ajiye, ya ba na gaba. Yanzu kusan komai a kulle yake tafiya, wato HTTPS. Tsakanin wayar mai haya da YouTube, abin da kwamfutarka za ta gani shi ne kaya sun wuce, ba ta san ko mene ne ba, balle ta gane cewa irinsu ne suka wuce ɗazu. Hanyar da za ta gani ita ce a sa wa kowace waya wata takardar shaida ta musamman da za ta ba kwamfutarka damar buɗe kullin. Manhajoji da yawa ma ba za su yarda ba, za su daina aiki ne kawai. Waɗanda suka yarda kuma, kai da yaron kuna iya karanta abin da mutane ke rubutawa.

Malam Awudu: A'a, wannan kam Alhaji kada ka kusance shi. Mutum ya ba ka kuɗinsa ya hau layinka, amana ce. Leƙen asirin mutane an hana mu shi a Suratul Hujurat, ko da ba ka yi niyyar kallo ba, ka buɗe ƙofar da wani zai kalla.

Alhaji Tanko: Allah ya kiyaye. To mene ne mafita? Don bugun ƙofar nan ya ishe ni.

Injiniya Nuhu: Da kuɗin da za ka ba shi, ga abin da zai yi maka aiki. In rautarka MikroTik ce, kamar yawancin masu sayar da tikiti, a sa wa kowane mutum iyakar gudu. Yanzu abin da ke faruwa, mutum biyu masu sabunta waya ko sauke fim suna shanye layin, sauran na kallon abin juyawa. In an raba, YouTube da kansa yana sauko da inganci ya daidaita da abin da aka ba shi, kowa ya samu ya kalla. Wannan kaɗai zai rage rabin ƙorafi, ko in ce mafi yawansa.

Sannan a kunna ajiyar DNS a rautar. Kafin waya ta je kowane shafi sai ta tambayi lambarsa, in rauta ta riƙe amsar, na gaba ba ya jira. Ba ya rage data sosai, amma yana cire wannan ɗan tsaikon na farko. Wanda ya iya, ya haɗa ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi da manhajar Pi-hole, tana riƙe amsoshin tana kuma tare adireshin talla da yawa tun kafin a sauke su. Tallan cikin bidiyon YouTube dai ba ta iya masa, kada wani ya yi maka alkawari.

Na uku ba kesh ba ne amma sau da yawa shi ne ciwon. Ina rautar take? In tana cikin ɗakinka a kan kabad, bayan bangon bulo biyu, ƙarƙashin kwano, to ko me ka saya a banza. A fito da ita baranda, a ɗaga ta sama, a tsakiyar gida. Rauta takan zo da layin waifai biyu, 2.4 da 5. Layin 2.4 yana ratsa bango amma a unguwa mai cunkoso kowa a kansa yake, a zaɓa masa tasha 1, 6 ko 11, wadda maƙwabta ba su cika ba. Na kusa kuma su hau layin 5.

Alhaji Tanko: A kan kabad ɗin take, kamar ka gani.

Fuseini: Injiniya, ni na ji an ce in ka canza DNS zuwa 1.1.1.1 ko 8.8.8.8 intanet na ninka gudu.

Injiniya Nuhu: Ba ya ninka komai. DNS nuna hanya yake yi, ba ya faɗaɗa ta. Wani lokaci yana taimakawa in na kamfaninka yana jinkiri. Wani lokaci kuma yana cutarwa, domin wasu shafuka da wanda ya yi tambayar suke gane inda kake, sai a tura ka akwati mai nisa alhali akwai na kusa. Ka gwada da rana, ka gwada da dare, in ba ka ga bambanci ba ka mayar yadda yake.

Samira: Alhaji, ka gaya wa masu hayarka wannan ma, da duk mai amfani da MiFi ko mai ara wa wani hotspot. Waya in ta ga waifai ɗauka take kyauta ne, sai ta saki jiki: Play Store ya fara sabunta manhajoji, hotuna su fara hawa Google Photos, WhatsApp ya fara ajiyarsa. A Android ka shiga setin wannan waifai ɗin ka sa shi a matsayin mai awo, a iPhone kuma ka kunna yanayin ƙarancin data. Ƙawata ta ara wa ƙaninta hotspot ya duba saƙo ɗaya, kafin ta ankara bandil ɗin wata ya tafi a sabunta wasanni.

Malam Awudu: Ni kuma tawa ta makaranta ce. Muna da yara masu zuwa islamiyya da yamma, da yawa suna JHS, iyaye ba su da halin saya musu data. Akwai abin da za a ajiye musu karatu a wuri ɗaya?

Injiniya Nuhu: Akwai, kuma a nan ne tsohuwar kwamfutar da aka ce Alhaji ya saya za ta yi amfani. Kolibri manhaja ce ta kyauta daga Learning Equality. Ana sa ta a kwamfuta ɗaya, a sauke darussa sau ɗaya, lissafi da kimiyya irin na Khan Academy, sai a haɗa da rauta ko da babu intanet a jikinta. Duk yaron da ya hau waifai ɗin zai buɗe a burauza ya kalli darasi ya yi atisaye, malami kuma yana ganin inda kowa ya tsaya. Sai Kiwix, wadda ke ɗauke Wikipedia ta sa a fayil guda. Ta Turanci cikakkiya da hotuna tana da nauyi ƙwarai, amma akwai wadda babu hotuna, akwai ta fanni-fanni kamar likitanci, akwai ta Larabci da ta Hausa. A wannan kwamfutar kuna iya zuba karatuttukan da kuka ɗauka da kanku a masallaci, kowa ya kwafa ba tare da ya taɓa datarsa ba. In kuna tsoron dumsor, laftof ta fi, tunda tana da batirinta, rautar kuma a haɗa mata ƙaramin batiri.

Malam Awudu: Alhamdu lillahi. Akwai wata laftof da aka ba makaranta sadaka, allonta ya tsage amma tana tashi.

Injiniya Nuhu: Ta isa. Allon ba shi da aiki bayan an gama saitawa.

Bashiru direba: Kafin a kai ga wannan ma, abin da ɗaya ya sauke ai ba sai kowa ya sauke ba. A tasha Xender muke yi, ko Quick Share da ke zuwa a cikin Android. Mutum ɗaya ya sauke, a tsaya kusa da shi a karɓa.

Issaka: Bidiyo da murya da takarda, e. Amma manhajar banki ko ta MoMo kada wanda ya karɓa daga wayar wani, daga Play Store kawai. Ina ganin abin da ke shigowa cikin wayoyi ta wannan hanyar.

Anti Abiba: Issaka, to katin memori fa? Maigidana yana so ya sayi babba ya riƙa zuba saukakkun abubuwa a ciki, an nuna masa mai giga 128 da araha a bakin titi.

Issaka: Anti, ki ce masa kada ya saya a tire. Akwai na jabu da yawa: waya za ta nuna 128, amma ainihin cikinsa kaɗan ne, in ya cika sai ya fara rubutu a kan na baya, ka buɗe hoto ka ga toka-toka. Ya shiga shago mai ba da rasit, ya nemi SanDisk ko Samsung ko Kingston a cikin kwalinsa, mai alamar A1 a jiki. Kafin ya bar wurin ya zuba manyan bidiyo da yawa, ya buɗe na farko da na ƙarshe ya gani. YouTube da Google Maps duka suna da wurin da za a ce su riƙa ajiya a kati. In ya saita haka, kada ya riƙa cire katin yana sa wa a wata waya, saukakkun ba za su buɗe a can ba.

Alhaji Tanko: Injiniya, yaron nan ya ce bai iya raba gudun a MikroTik ba. Asabar bayan la'asar kana gari?

Injiniya Nuhu: Ina nan in sha Allah. Ka nemo kalmar sirrin rautar daga wanda ya fara haɗa maka ita, da doguwar waya da za ta kai baranda.